Wanda Zai Wanke Malam Iliyasu

"Kai, Sammani, gawa kake juyawa ko buhun albasa?"

Malam Iliyasu ne mai wannan magana, kuma shi ne gawar. Yana kwance a kan wani tsohon ƙyaure da aka ɗora bisa tubala huɗu a ɗakin da ke bayan zaurensa, ido a rufe, hannuwa a miƙe, an rufa masa zane daga cibiya zuwa gwiwa. Sammani na durƙushe a gefensa, ya naɗe hannun hagu da tsumma, gumi sai tsattsafo masa yake yi duk da sanyin da ake zubawa a wannan safiya.

"Malam, tsoro nake ji kada in ji maka ciwo."

"Ranar da za ka yi na gasken ba zan ji ba. Sa hannunka ƙarƙashin kafaɗa, ka jawo ni wajenka a hankali. Ɓangaren dama ake fara wankewa, sannan hagu. To, bismillah, sake."

Sammani ya sake. Ya sa hannu yadda aka ce, amma yatsunsa suka zame zuwa haƙarƙari, nan take gawa ta tuntsire da dariya, tana shure-shure har zane na neman faɗuwa. Dariya ta koma tari, tarin ya lafa, dariya ta dawo. Daga tsakar gida aka ji Iya Saude, matar Malam, ta ajiye taɓarya.

"Oh ni Saude! Yau ga mamaci mai jin cakulkuli. Malam, in ka gama mutuwar, ga kununka nan yana hucewa."

"Rufe shi, sai an kai ni an dawo," in ji Malam.

Shekara talatin da ɗoriya Malam Iliyasu ke wanke mazan da suka rasu a Kwarin Goriba, wani ƙauye da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure. Aiki ne da kowa ke so a yi wa nasa da kyau, amma ba mai son koya. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, likitan birni ya duba shi ya ce ya koma gida ya huta. Malam ya gane irin hutun da ake nufi, bai kuwa ɗaga hankalinsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wanda zai gaje shi, wanda kuma zai wanke shi shi kansa. Ya duba garin kaf, sai idonsa ya tsaya a kan mutumin da ba wanda zai yarda ya ba shi ajiyar ko akuya.

Shekara huɗu kafin nan Sammani ya kwance sa ɗaya daga cikin shanun huɗar Baballe, ƙanin Malam Iliyasu uwa ɗaya uba ɗaya, ya kora shi kasuwa ya sayar. Aka kama shi, alƙali ya ba shi shekara uku. Ba sharri aka yi masa ba, shi ma bai taɓa cewa sharri ne ba. Yana can ciki mahaifinsa ya rasu, aka kuma raba aurensa. Ranar da aka sake shi ya fito ƙofar gidan yari ba ya tsammanin kowa, sai ga Malam Iliyasu tsugune a inuwar darbejiya, da riga da hula a ƙunshe a hammatarsa.

Wannan tsohuwar al'adar Malam ce. Kowace Alhamis yakan hau motar Kano ya shiga gidan yari, ya biya wa fursunoni karatu, ya koya musu tsarki da salla. Wanda wa'adinsa ya cika ba shi da inda zai dosa, Malam kan taho da shi, ya yanka masa ɗan yanki a gonarsa ta bakin kanal, ya koya masa jan ruwa da bututu, ya kuma tsayar da shi kusa da shi a sahun gaba. Wasu sun yi rani ɗaya ko biyu sun kama gabansu, sun zama teloli da direbobi. Ɗaya dai ya gudu da keken Malam, Malam ya ce dama birkin ya lalace, Allah ya sa kada ya faɗa kanal. Sai dai su duk baƙi ne, ba wanda ya san abin da ya kai su. Sammani ɗan gari ne, kowa ya san launin san da ya sata.

Wannan shi ne darasi na uku. A na farko da na biyu da taguwa Malam ya kwanta, yau kuwa ya tuɓe ta. Da dariya ta lafa, Sammani ya gyara riƙo, ya juyo shi a hankali yadda ya kamata, sai kuma ya ƙura wa bayansa ido. Bayan Malam daga kafaɗa zuwa ƙugu duk tabo ne, dogaye, wasu a kan wasu, sun tsufa sun yi fari-fari.

"Ya dai? Aljani ka gani?"

"Malam, wannan ai bulala ce."

"Ashe ka san ta." Malam ya buɗe ido ɗaya. "Garin nan kowa ya san na tafi gabas karatu na yi shekara bakwai. To, biyar ne karatun. Biyun ƙarshe a gidan yarin En'e, na hukumar gargajiya, na yi su. Jaki na sata, Sammani, wani tsohon jaki mai ɗingishi. Kai da ka tashi sata, sa ka kora, ka fi ni sanin dabba."

Sammani ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ya daɗe yana tunanin abin da ke kai wannan dattijo gidan yari duk Alhamis, da kuma yadda aka yi ya san mutumin da ya fito ba ya son a zauna a bayansa.

"Mahaifinmu ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba," Malam ya ci gaba. "Baballe kuwa har yau in ya tuna sai tuwo ya fita ransa. Shi da Saude kaɗai suka sani, yanzu kai ne na uku. Mai wanka yakan ga abin da uwar mutum ma ba ta gani ba, kuma a ɗakin yake barinsa in zai fita. Ɗauki ƙwaryar, yi kamar kana zubawa. Daga kai ake farawa."

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar, Malam ya dogara sandarsa a ƙofar masallaci ya ce jama'a su ɗan dakata. A gaban Liman Muhammadu Sani ya ba da wasiyyarsa, ba doguwa ba ce: in ta Allah ta kasance, Sammani ne zai yi masa wanka. Sammani na can gefe yana neman takalminsa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Baballe ne ya fara magana. Gajere ne mai ƙirji, muryarsa ta fi shi girma.

"Yaya, ina raye? Ina raye, uwa ɗaya uba ɗaya, a ce ɓarawon sana ne zai tuɓe ka?"

"Baballe, kai da ko kaza ake yankawa sai ka kau da kai?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka gimtse. Baballe bai yi ba. Ya ce sai dai in ba ya garin, ya saɓa babbar rigarsa ya wuce. Liman ya yi gyaran murya ya ce wasiyya wasiyya ce, an kuma ji ta. Amma ba wanda bai san cewa ranar da abin zai faru mai wasiyyar ba zai iya buɗe baki ba, Baballe ne zai tsaya a bakin ƙofa.

Washegari Sammani ya je ya durƙusa gaban Malam.

"Malam, don Allah ka sauke mini wannan kaya. Yanzu ma da ƙyar ake amsa sallamata. In Baba Baballe ya kore ni daga ƙofar nan a gaban jama'a, shi ke nan, ba zan sake ɗaga kai a garin nan ba. Motar tumatir zan bi zuwa Legas."

"Wa ka sani a Legas?"

"Ba kowa."

"To kuma? Ni dai na ce kai. Sauran tsakaninka ne da Baballe da Allah. Tashi ka je ka ba alkamata ruwa, yau ranar layinmu ce."

Shekarar ce aka hana shigo da alkama daga waje, don haka duk wanda ke da ko taku goma a bakin kanal alkama ya zuba. Daga Kadawa har Bunkure ko'ina kore shar. Sammani ya ɗauki bututunsa ya tafi. Yana tsugune yana toshe bakin bututu da tafin hannu yana zuƙo ruwa, sai ga Baballe a kan hanyar gona, tare da mutum uku.

"Ku ƙirga bututunku kafin ku tafi," in ji Baballe da ƙarfi, ba tare da ya kalle shi ba. "Mai hali ba ya bari. Mu gidanmu tun kaka da kakanni ba a taɓa jin an kama wani da kayan mutane ba, yau kuma wai mu za a jawo wa wannan."

Maganar jakin nan ta hau har kan harshen Sammani, ya ji ɗanɗanonta. Kalma huɗu ko biyar ta isa, kafin magariba garin ya ɗauka, Baballe kuwa ba zai ƙara ɗaga murya a kansa ba har abada. Zuciyarsa ta yi ta tafasa, ya sassauta riƙo har bututun ya sha iska ruwa ya tsaya. Ya sunkuyar da kai, ya sake nitsa shi cikin kanal, ya fara daga farko.

Haka aka yi ta tafiya. Alkama ta yi ciki, ta fitar da kai, ta fara ja. Malam kuwa kullum raguwa yake, amma ban da bakinsa. Tun da ya daina iya zuwa Kano, Kano ta riƙa zuwa wurinsa. Mutanen da ya taɓa tarowa daga ƙofar gidan yari suka ji labari, suka riƙa sauka a bakin titi ɗaya-ɗaya, wannan da rake, wancan da lemo, wani da 'ya'yansa biyu don Malam ya shafa musu kai. Zaure ya koma kamar gidan suna. Iya Saude ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa dama fura irin ta bana ba, kuma duk saboda mutumin da ya ƙi ya mutu ya ƙi ya tashi.

Maikuɗi tela, wanda yanzu ke da shago a Kura, ya zo da farin yadi da abin awonsa a wuya, ya tsaya yana inda-inda.

"Auna mana," in ji Malam. "Kuma ka bar sarari a kafaɗa. Rigar sallar da ka ɗinka mini bara, sai da Saude ta taya ni cirewa."

"Malam, ai wannan ba mai hannu ba ce."

"Shi ya sa na yarda na ba ka."

Maikuɗi ya yi dariya hawaye na zubo masa, ya auna, ya kuskure, ya sake aunawa.

Baballe ma kullum yana zuwa, safe da yamma. Yana son yayansa, wannan ba wanda ya taɓa shakka. Yakan zauna ya matsa masa ƙafa, ya kawo masa labarin kasuwa, amma da zarar Sammani ya yi sallama sai ya tuna yana da aiki a gida. Malam na kallonsu duka biyun, bai ƙara tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Darasi dai bai tsaya ba. Da Malam ya kasa hawa ƙyaure, sai ya koma tambaya daga kan gado: sau nawa ake zuba ruwa, a wanne ake sa magarya, a wanne ake sa kafur, me ake yi in ciki ya ƙi tsayawa. In Sammani ya amsa daidai, sai ya ce, "Madalla, yanzu mutum ya mutu hankali kwance."

Da sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa, Malam ya kafa wata sabuwar rigima. Ya ce ba inda za shi sai ya ci gurasar alkamar bana. Mutanensa suka haɗa gayya, mutum goma sha ɗaya da lauje, suka yanke gonar a yini guda. Dattijo direba, wanda shi ma ta hannun Malam ya fito, ya kwaso damman a motarsa. Aka sussuke mudu biyu a gurguje, aka kai inji, Iya Saude ta kwaɓa ta bar shi ya tashi, ta hura tanderu. Ƙamshi ya cika unguwa. Aka yayyafa mai da garin ƙuli-ƙuli da albasa, aka kai masa har gado.

Loma biyu ya yi, ta biyun ma da ƙyar ta wuce. Ya lumshe ido yana taunawa a hankali.

"Alhamdu lillahi. Saude, gishiri ya ɗan yi kaɗan."

"Shekara arba'in kana cewa ya yi yawa."

"To yau na sauya. Ku cinye sauran, kada ku bar wa Baballe, ya fi kowa ci."

Baballe na zaune a bakin gado da gurasa a hannu biyu, ya ce shi ɗanɗanawa kawai yake yi. Aka yi ta dariya har da masu leƙe ta taga.

Washegari da hantsi Malam Iliyasu ya cika. Iya Saude na riƙe da kansa, Baballe na laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sau biyu a fili, ta ukun leɓɓansa kawai suka motsa. Sammani na masussuka aka aiko masa. Ya ajiye sandar bugu, ya yi salati, ya tsaya jim. A bakin titi ana loda wa wata babbar mota kwandunan tumatir na ƙarshen kaka, ya kalle ta sau ɗaya, sannan ya nufi gindin magarya ya tsinko ganye.

Kafin ya iso ƙofar gida ta cika. Maza sun zazzauna a tabarmi har bakin hanya, ana ta shigowa. Sammani ya ratsa su da bokitin ruwa a hannu ɗaya, ƙwarya a ɗayan, yana jin idanu a ƙeyarsa. Ya shiga zaure. Baballe na tsaye a ƙofar ɗakin da aka kwantar da Malam, ya cika ta da ƙirjinsa, idanunsa sun yi jawur.

"Ajiye a nan," in ji Baballe.

Sammani ya ajiye bokitin, amma bai matsa ba.

Liman ya taso. "Baballe, ka ji tsoron Allah, wasiyyar ɗan'uwanka..."

"Liman, na ji. A ba ni wuri da shi."

Ya kama hannun rigar Sammani ya ja shi cikin ɗakin, ya saki labule. Malam na kwance a kan ƙyauren nan, an lulluɓe shi har kai. Baballe ya yi ƙasa da murya, abin da ba a saba ji daga gare shi ba.

"Saurara, Sammani. Maganar sa tana nan, ban manta ba, amma yau ba ita ce a gabana ba. Akwai abu a jikin yayana da ba na so gobe in ji shi a bakin kanal. Mutumin nan ya rayu da mutuncinsa, zai tafi da shi. Ni zan yi, ko ban iya ba. Ka fita ka ce kai ka janye."

Sammani ya dubi ƙasa. "Na bayansa, Baba?"

Baballe ya saki rigar kamar ya taɓa wuta. "Wa ya gaya maka?"

"Shi ya nuna mini."

"Yaushe?"

"Tun alkama ba ta rufe ƙasa ba."

Baballe ya shiga lissafi, ana ganinsa a fuskarsa. Wata uku ke nan. A Kwarin Goriba magana ba ta kwana biyu a ciki ɗaya, ga kuma zaure cike da abokan Sammani tun safe har yamma, amma ko ƙishin-ƙishin bai ji ba.

"Ko su Maikuɗi ba ka gaya wa ba?"

"Ba nawa ba ne da zan bayar, Baba."

"Ranar nan a bakin kanal, da na ce gidanmu ba a taɓa..." Ya ɗago ya dubi Sammani. "Ka sani a lokacin?"

"Na sani."

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane, kana da wannan a cikinka, ka yi shiru?"

"Ai gaskiya ka faɗa, Baba. Na sata."

Baballe ya juya ya kalli yayansa a lulluɓe. Kafaɗunsa suka fara girgiza, Sammani ya zaci kuka ne, ashe da dariya a ciki, su biyun sun cakuɗe.

"Kai, Yaya," ya ce. "Kai, Yaya, har yanzu ba ka daina yi mini wayo ba."

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga labule, ya leƙa zaure. Jama'a duk suka miƙa wuya.

"Me kuke kallo? Miƙo mini bokitin nan. Sammani zai yi wanka, ni zan zuba masa ruwa."

Suka yi shi yadda Malam ya koyar, ba gaggawa. Sammani ya yi niyya, ya naɗe hannu, ya yi masa tsarki da alwala. Baballe na zuba ruwa, rabi a kan gawa rabi a kan ƙafar Sammani, amma bai kau da kai ba. Da aka zo juyawa, Sammani ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗa ya jawo shi a hankali. Yatsunsa suka taɓa haƙarƙari, ya tsaya yana jira ba tare da ya sani ba, ɗakin ya yi tsit. Nan ne hawaye suka ƙwace masa, ya bar su suna zuba yana aikinsa. Ya wanke bayan nan da ruwan magarya, tabo bayan tabo, Baballe na kallo. A ruwa na uku aka sa kafur. Likkafanin Maikuɗi ya zauna daidai, har da sarari a kafaɗa.

Ba a taɓa ganin jana'iza irin wannan a Kwarin Goriba ba. Dattijo ya je Kura da Kano ya cika motarsa da mutane, wasu suka zo a keke, wasu a ƙafa daga Madobi. Sahu ya wuce filin masallaci ya shiga gonar da aka yanke jiya. 'Yan gari na ta tambayar juna su wane ne waɗannan, masu kuka kamar ubansu ne ya rasu. Wani tsoho ya ce ɗaliban Malam ne, aka bar shi a haka, don ba ƙarya ya yi ba. Makara kuwa ba ta yi taku biyar a kafaɗa ɗaya ba, kowa so yake ya taɓa.

A maƙabarta aka sauke shi a bakin kabari. Liman ya dubi Baballe, don shi ne mai cewa wanda zai shiga ya karɓa. Baballe ya waiga, ya ɗaga muryar nan tasa da ake ji daga wannan gaɓar kanal zuwa waccan.

"Ina Sammani? Shiga ka karɓi Malaminka."

Sammani ya tuɓe takalmi ya shiga. Aka miƙo masa Malam, ba nauyi, ya kwantar da shi a ɓangaren dama yana fuskantar alƙibla, ya sassauta ɗaurin kai, ya gyara masa kafaɗa. Aka miƙo itace ya jera, aka miƙo ganye da danyen laka ya toshe duk wata kafa. Ya daɗe yana shafa lakar da tafin hannu, fiye da yadda aikin ke buƙata, ba kuwa wanda ya ce ya yi sauri.

Da ya gama ya miƙe. Ramin bai kai masa ƙugu ba, yana iya fitowa da kansa ba wahala. Amma Baballe ya riga ya durƙusa a bakin kabarin, a gaban garin duka, ya miƙo hannu. Sammani ya dubi hannunsa da ya yi dumu-dumu da laka, ya nemi gogewa a riga.

"Kawo haka nan," in ji Baballe.

Ya kama shi ya jawo shi waje. Aka fara tura ƙasa, Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Baballe ya ɗaga nasa shi ma, da lakar a tafinsa, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Sammani har aka shafa.